Wasiƙar da Na Ajiye Wata Bakwai a Aljihun Tebur

Ƙannena, ku da aka fara aiko wa maƙaloli ku duba, da ku da ake shirin ɗora wa nauyin editan mujallar jinya, akwai abin da na aikata wanda nake so ku ji daga bakina.

A shekarata ta biyu ina edita, wata ma'aikaciyar jinya da ban taɓa gani ba ta rubuto mini. A ɗakin tsofaffi masu doguwar kwanciya take aiki. Ta ce ta karanta maƙalar da muka buga a kan tazarar da ya kamata a bari tsakanin juyin majiyyaci da juyi domin hana gyambon kwanciya, har shugabar ɗakinsu ta sassauta jadawalin juyi saboda abin da maƙalar ta ce. Amma da ta zauna ta haɗa alƙaluman jadawali na uku da kanta, sai ta ga ba su yi daidai da abin da aka rubuta a taƙaitaccen bayanin farko ba. Waɗanda suka samu gyambo a rukunin da aka rage wa juyi sun fi yadda aka ce. Cikin ladabi ta tambaye ni ko ita ce ta kasa fahimta.

A daren na ɗauki biro na lissafa, na ga ita ke da gaskiya. Sai na ninke wasiƙar na sa a aljihun tebur, na ce sai na yi magana da marubucin tukuna. Marubucin kuwa malamina ne, shi ya duba aikina na digiri na biyu, shi ya ba da sunana da ake neman edita. Mako ya wuce, wata ya wuce. Kullum ina da dalili. Yau in ce mujallar sabuwa ce, fitar da gyara zai rage mata ƙima. Gobe in ce malam ba ya jin daɗi, bari ya warware. Gaskiyar magana nauyinsa nake ji, bakina ya ƙi buɗuwa. Wata bakwai na yi a haka, maƙalar tana nan a intanet, kowa na iya saukewa, kuma duk ɗakin da ya yi aiki da ita tsofaffinsa suna kwance a gefe guda fiye da yadda fatarsu za ta ɗauka.

Ku da kuka yi aikin dare kun san mene ne gyambon kwanciya. Kun san yadda yake farawa da ɗan ja a ƙugu ko a diddige, da yadda yake ci har ya kai ƙashi, da warinsa, da makonnin da ake yi ana wanki da ɗauri kafin ya rufe, in ma ya rufe. Wannan shi ne bambancin mujallarmu da ta adabi ko ta tarihi. Abin da muka buga, hannun wata nas ne zai aiwatar da shi a jikin mutum.

Abin da ya fi damuna shi ne hanyar tana nan a rubuce, ban bi ba. Tun 1997 wasu editocin mujallun likitanci a Birtaniya suka kafa kwamitin ɗa'ar wallafa da ake kira COPE, kuma sun tsara matakan da edita zai bi idan mai karatu ya nuna kuskure bayan bugu. A gode wa mai ƙorafin, a rubuta wa marubuci a nemi bayani da ainihin bayanan da ya tattara. Idan kuskuren ƙarami ne wanda bai taɓa sakamakon binciken ba, a buga gyara. Idan bincikawa za ta ɗauki lokaci, a liƙa wa maƙalar sanarwar cewa akwai shakku a kanta, domin mai karatu ya dakata. Idan kuwa sakamakon ya rushe, a janye ta, a bayyana dalili, a bar ta a wurinta da tambarin janyewa a kowane shafi. Ƙa'idarsu ta 2009 ta faɗa a fili cewa manufar janye maƙala ita ce gyara taskar ilimi, ba a yi ta don hukunta marubuci ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Da na liƙa sanarwar shakku a makon farko, da ban zargi malamina da komai ba, kuma da na kare majiyyata.

Jinkiri irin nawa ya taɓa faruwa a manyan wurare, kuma an ga abin da ya haifar. A 1998 mujallar Lancet ta buga maƙalar Andrew Wakefield a kan yara 12, wadda ta sa mutane suka fara danganta rigakafin ƙyanda da cutar galahanga. Sai 2010 aka janye ta gaba ɗaya. Cikin shekara 12 ɗin nan iyaye da yawa sun ƙi kai yara rigakafi, ƙyanda ta dawo a wuraren da aka kusa mantawa da ita, kuma har yau ma'aikatan jinya ne ke zama da iyaye suna warware wannan tsoro ɗaya bayan ɗaya. A Jamus kuma akwai Joachim Boldt, likitan sa barci, wanda maƙalolinsa suka ƙarfafa amfani da wani ruwan sitaci da ake ƙara wa majiyyata ta jijiya. A 2011 mujallu suka janye kusan 90 daga cikinsu saboda babu shaidar amincewar kwamitin ɗa'a, daga baya aka gano har da ƙirƙirar bayanai. A 2013 hukumar magunguna ta Turai ta hana amfani da ruwan ga masu ciwo mai tsanani saboda illarsa ga ƙoda. Wa ya rataya waɗannan ledojin ruwa a gefen gado duk tsawon shekarun? Mu ne, bisa amincewa da abin da aka buga.

Kuskurena bai fara daga wasiƙar ba. Ya fara ne ranar da maƙalar malamina ta iso teburina na karɓe ta da kaina. Kamata ya yi in miƙa ta ga wani edita, in cire hannuna da idona har a yanke hukunci. Maimakon haka ni na zaɓi masu bita biyu, kuma na san dukansu masu sauƙin hali ne, babu mai ƙwarewa a ƙididdiga a cikinsu. Mun cire sunan marubuci daga kwafin da muka aika, kamar yadda yawancin mujallun jinya suke yi, amma ɓoye suna ba ya maganin komai idan wadda ta zaɓi masu dubawa ta riga ta karkata. Idan ana maganar alaƙar da ke iya karkatar da hukunci, hankalin mutane yakan tafi ga kuɗin kamfanin magani ko na kayan ɗaurin rauni, kuma lallai a tilasta wa marubuci ya bayyana wanda ya ba shi kuɗin bincike. Sai dai ni ba a taɓa ba ni ko sisi ba. Abin da ya karkatar da ni bashin alheri ne. Malami, abokiyar karatu, ɗalibinki, wanda kuke wurin aiki ɗaya, har wadda kuka taɓa saɓani da ita: duk maƙalarsu ba taki ba ce ki duba.

Sai maganar sunaye, wadda na yi wa laifi tun kafin in zama edita. A maƙalata ta farko na sa sunan shugaban sashenmu a gaba, alhali bai karanta ta ba sai bayan ta fito. Nas uku da suka taimaka wajen tsara takardar tambayoyi, suka yi watanni suna cike ta, suka zauna da ni muka fassara abin da muka samu, ban ko gayyace su su sa hannu a rubutun ba. A lokacin na ɗauka haka ake yi. A aikinmu, inda kowa ya san na sama da shi, wannan zalunci yana wucewa ba tare da an ji motsinsa ba. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, wanda ya samo asali daga wani taro a Kanada a 1978, ya ce marubuci shi ne wanda ya ba da gudummawa ta gaske wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko fassara su, ya shiga cikin rubutun ko gyaransa mai zurfi, ya amince da kwafin ƙarshe, kuma ya yarda a tuhume shi a kan aikin. Dole duka huɗun su haɗu. Sun kuma ce wanda ya cika sharaɗin farko a ba shi damar cika sauran, kuma nan ne na cuci waɗannan mata uku. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski: wanda ya karɓi suna a maƙala ya karɓi amsa tambaya ranar da aka ga kuskure. Ku sa kowace maƙala ta zo da bayanin abin da kowane marubuci ya yi. Wannan takarda guda tana ba ƙaramar ma'aikaciya abin da za ta fake da shi idan babba ya nemi a sa shi.

Na kuma taɓa barin hoton raunin wata mata ya fita da baƙin layi a kan idanunta, ina ganin na rufa mata asiri. Akwai tabo a wuyanta da duk wanda ya san ta zai gane. ICMJE sun daɗe da cewa rufe ido bai isa ɓoye mutum ba, sai an sami izininsa a rubuce, kuma a nuna masa abin da za a buga. Mu a jinya haɗarinmu ya fi yawa a binciken hira, inda muke kawo maganar majiyyaci kalma da kalma. Ki canza suna, amma ki bar shekaru da sana'a da irin ciwo da sunan ɗaki, kin nuna mutum da yatsa. Sanarwar Helsinki ta 1964 kan ɗa'ar binciken lafiya a kan ɗan Adam, wadda aka sake yi wa gyara a 2024, ta ce rahoton binciken da ya saɓa ƙa'idojinta kada a karɓe shi don bugawa, wato ta ɗora wa edita nauyi kai tsaye. Ku nemi sunan kwamitin ɗa'a da lambar amincewarsa, ku ga takardar da idonku. Ku tuna binciken Tuskegee a Amurka, daga 1932 zuwa 1972, inda aka bar ɗaruruwan baƙar fata masu ciwon tunjere ba magani ko bayan samuwar penisilin. Ma'aikaciyar jinya ce, Eunice Rivers, ta riƙe amanar mutanen nan shekaru da yawa, kuma ba a ɓoye aka yi ba: mujallu sun yi ta buga rahotanninsa, editoci suna karɓa.

Wasu kurakuran gajeru ne a faɗa. Na taɓa miƙa wa ɗalibata maƙalar da aka ba ni in duba ba tare da na sanar da editan ba, alhali amana ce tsakanina da shi. Yau loda irin wannan maƙala a manhajar ƙirƙirarriyar basira don ta taƙaita miki ita daidai yake da abin da na yi. Na taɓa mayar da wani bincike mai kyau saboda kawai ya nuna sabuwar hanyar wanke rauni ba ta fi tsohuwar ba, na ce babu labari a ciki. Akwai labari: ɗakunan da za su ɓata lokaci da kaya a kan abin da ba ya ƙara komai. Saboda irin wannan ɓoyon ne tun 2005 manyan mujallu suka daina karɓar gwajin da ba a yi masa rajista kafin a fara ba. Idan kuma mujallarku tana karɓar kuɗin bugu daga marubuta, a raba mai karɓar kuɗi da mai yanke hukunci. A 2023 kamfanin buga mujallu na Hindawi ya janye maƙaloli sama da 8,000, yawanci daga fitowa ta musamman da masu sayar da maƙalolin bogi suka kutsa, suna kawo masu bita na ƙarya. Adireshin mai bita da marubuci ya ba ki, ki tabbatar da shi ta wata hanya kafin ki aika.

A wata na bakwai nas ɗin ta sake rubutowa, layi biyu kawai, tana tambaya ko wasiƙarta ta iso. A ranar na kira malamina. Ya saurare ni har na gama, ya ce in ba shi kwana biyu. Da ya koma kan takardun asali, ya tarar an musanya ginshiƙai biyu wajen kwafe bayanai zuwa kwamfuta. Da aka gyara, sakamakon ya juye gaba ɗaya. Shi da kansa ya nemi a janye maƙalar, ya kuma rubuta dalilin. Sannan ya tambaye ni yaushe na sani. Na faɗa masa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce, “'Yata, wata bakwai kika bar sunana a kan abin da ke cutar da mutane.”

Mun fitar da sanarwar janyewa a fitowa ta gaba, muka haɗa ta da maƙalar a intanet, muka rubuta wa ma'ajiyoyin da ke lissafa maƙalolinmu su sa alama. Na rubuta wa nas ɗin na ba ta haƙuri, na faɗa mata ranar da wasiƙarta ta farko ta iso hannuna. Ta amsa cewa tun makon da ta yi lissafin ta nuna wa shugabar ɗakinsu, suka koma tsohon jadawalin juyi. Na roƙe ta ta shiga cikin masu bitar mujallar, ta yarda, kuma har na bar kujerar duk maƙalar da ke da jadawalin alƙaluma sai ta bi ta hannunta kafin ta je bugu.