Mil nawa take yi da tirela a baya? Abin da jiran Cybertruck ya koya mini

Ni dai na tsira da tsohuwar a-kori-kurata mai dizal, kuma har yau in na tuna abokan sana'ar da suka sayar da nasu tun 2021 don su tara kuɗin Cybertruck, a-kori-kura mai lantarki ta kamfanin Tesla, sai in yi hamdala. Aikinmu a nan Texas shi ne ɗauko motocin gwanjo a tirela mu kai bakin ruwa, a loda su jirgi zuwa Legas ko Kwatano. Mota a wurinmu abin ja ce, kuma duk hasashen da aka sha yi kan Cybertruck tun daga 2019 har 2023 bai taɓa tambayar da ta shafe mu ba: mil nawa take yi idan da kaya a bayanta?

Abin da aka faɗa a taron ƙaddamarwa na 21 ga Nuwamban 2019 kowa ya haddace. Mai inji ɗaya dala 39,900, mai biyu 49,900, mai uku 69,900. Ita mai ukun aka ce za ta wuce mil 500 a caji guda, ta kuma ja fam 14,000, wato sama da tan shida. Za a fara ƙerawa a ƙarshen 2021. Kafin alƙalami dala 100 ne kacal, kuma ana mayar maka in ka fasa. Na ajiye nawa. Mutane sun fi maganar gilashin da ya tsage a dandamali da aka jefe shi da ƙwallon ƙarfe, mu kuwa 500 da 14,000 ne suka tsaya mana a rai, muka riƙa karanta su kamar a tafiya ɗaya za a samu duka biyun.

Ba haka ba ne, kuma wannan ba matsalar kamfani ɗaya ba ce. Duk a-kori-kura mai lantarki, in ka ɗaura mata tirela da mota a kai, nisan da take yi yana raguwa wajen rabi. Nauyi na da nasa, amma babban ɓarawon iska ce. Motar da ke zaune a kan tirela ta fi wadda ke jan ta tsayi, iska na dukanta gaba-gaɗi, kuma ƙarfin dukan yana ƙaruwa ninki-ninki da gudu, shi ya sa mil 75 a awa da mil 60 a awa ba ɗaya ba ne ko kusa. Mai dizal ma tana shan wannan duka, sai dai ita minti biyar ya isa ka cika tanki.

Na ga abin da idona da wata mai lantarki ta wani abokin sana'a, daga yankin Dallas zuwa Houston, tafiyar mil 240 ko kusa da haka. Allon motar na nuna nisa mai yawa a tsaye, da muka hau babban titi da kaya sai lambar ta riƙa zuba fiye da milolin da muke ci. Abin da ya fi ba ni mamaki ma ba wannan ba ne, wurin caji ne. Yawancin wuraren an yi su ne kamar fakin na kasuwa, mota ɗaya a layi ɗaya, ba wurin tirela. Dole ka nemi fili, ka sa wa tayoyin tirela waigi, ka sauke jak, ka cire sarƙoƙi biyu, ka zare filogin fitila da igiyar birkin gaggawa, ka ɗaga ta daga ƙugiya, sannan ka je ka yi caji kana waiwayen motar mutane da ka bari a gefe. Ka dawo ka maimaita komai a juye. Duk tsayawa haka.

Daga nan na daina sauraron masu cewa wata mai zuwa za ta fito, na koma takarda da biro. Da motar ta fito a 30 ga Nuwamban 2023 sai lissafin ya samu lambobi na gaske: mai inji biyu dala 79,990 da mil 340, mai uku 99,990 da mil 320, ƙarfin ja fam 11,000. Batirinta wajen kilowat-awa 123 ne. Ka raba 340 biyu, ka samu 170. A hanya kuma ba wanda ke cikawa zuwa ɗari bisa ɗari, don daga kashi 80 caji yake jan ƙafa, kuma ba mai hankalin da zai sauka ƙasa da kashi 10 da motar wani a baya. Kashi 70 ke nan na 170, wajen mil 120 tsakanin caji da caji. Ka auna wannan da 500 da muka riƙe a ka. Ko da a ce 500 ɗin ta zo, da wannan lissafin mil 175 za ta ba ka, kuma wannan kowa zai iya yi tun 2019 da ya san a raba biyu.

An yi maganar ƙarin batir na dala 16,000 da zai kai ta wajen mil 470, amma zai cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na bodin baya. Wasu abokai sun sake ɗora jira a kansa. A 2025 aka janye shi.

Alamun jinkiri kuwa suna nan a fili ga mai duba abin da kamfani ya yi maimakon abin da masu hasashe suka ce. A Oktoban 2021 aka cire farashi da bayanan motar daga shafin oda. A Janairun 2022 Elon Musk, shugaban Tesla, ya gaya wa masu hannun jari ba sabuwar mota a shekarar. Masana'antar Austin da za a ƙera motar a cikinta sai Afrilun 2022 aka yi bikin buɗe ta, Cybertruck ta farko kuma sai Yulin 2023 ta sauko daga layi. Idan mai kaya ya goge farashinsa, ka san tsohon farashi ya tafi. Abin da ke ba ni haushi har yanzu shi ne masu lissafa wa mutane ranar da za su karɓi mota daga lambar rajistarsu, har da wata da mako. Layin bai bi yadda suka zana ba: waɗanda suka yarda su ƙara wajen dala 20,000 don samfurin farko na musamman da ake kira Foundation Series su aka fara ba, kuma kafin 2024 ta ƙare ko wanda bai taɓa ajiye sisi ba yana iya yin oda.

Dala 100 ɗin wurin tsayawa a layi ta saya maka, ba ta ɗaure farashi, nisa ko rana ba. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari, saboda haka motar da ke ciyar da kai ba ta tafiya sai sabuwar ta iso ƙofa. Aikin wutar gida don cajin motar ma a jira shi. Cajin am 48 na buƙatar bireka mai am 60 a layin bolt 240, yana ba da kilowat 11.5, wato awa 11 ko fiye kafin batir irin wannan ya cika, kuma gidan da akwatin wutarsa am 100 ne sau da yawa sai an canja akwatin gaba ɗaya. Kuɗi ne mai yawa da za a kashe wa motar da ba a gani ba.

Ga mai aikin cikin gari, mai gini ko mai gyaran lambu da ke kwana gida kullum ya yi caji, lissafin na iya fita da riba. Ga mai jan mota tsakanin birane, kafin ya sa hannu ya ari irinta, ya ɗaura tirelarsa da irin kayan da ya saba ɗauka, ya bi hanyarsa a gudun da ya saba, ya kuma duba tun a gida waɗanne wuraren caji ne ake shiga a wuce ba sai an kwance ba. Ni na nemi dala 100 ɗina aka mayar mini, na sa wa tsohuwar sabbin tayoyi da birki.