Ranar da Na Bi Auta Zuwa Samaru

Ranar Alhamis da yamma, muna naɗe shaddoji za mu rufe shago a Kantin Kwari, sai ga Auta ya shigo da jakar makaranta a kafaɗa. Ko zama bai yi ba ya ce, "Yaya, jibi za mu Zariya, kuma ni zan tsare raga." Ɗaliban tsangayarsu a Jami'ar Bayero ne suka haɗa wasan sada zumunci da takwarorinsu na Jami'ar Ahmadu Bello, can gidan mutanen a Samaru. Tunda yaron nan ya fara kama ƙwallo a filin makarantar firamaren unguwarmu, ban taɓa ganin ya buga a wajen Kano ba. Na ce masa ya sa sunana a mota. Hajiya ta ɗora mana sharaɗi ɗaya, kada mu kamo hanya da daddare, mu kwana can.

Ni mutumin ƙwallon ƙafa ne tun ina ƙarami. A wuyan Baba na fara shiga filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata, kuma ina cikin waɗanda muryarsu ta dashe da "Sai Masu Gida" lokacin da Pillars ta ɗauki kofin gasar ƙasa sau uku a jere, 2012, 2013 da 2014. Na kuma san mene ne wasan waje. Ka ɓoye rigarka a ƙarƙashin wata, ka zauna kusa da ƙofa, idan naku suka ci ka yi murna a cikinka. Da wannan shirin na fito ranar Asabar, na ɗora rigar sanyi a kan jesina ruwan ɗorawa da kore.

Daga sabuwar jami'a da ke titin Gwarzo muka tashi wajen ƙarfe goma, 'yan wasa a bas ɗaya, mu 'yan rakiya goma sha takwas a wata. Hazo ya sauka sosai, muna haye gadar Tamburawa ko ruwan ba a gani da kyau. Wani yaro ya riƙo jarka ya mai da ita ganga tun daga Na'ibawa bai huta ba. Mun wuce Kura, mun wuce Kadawa da kwandunan tumatir jere a bakin titi, muka tsaya Kwanar Dangora aka sha shayi, a Tashar Yari kuma aka cika bayan mota da rake. Daga Kwangila muka karkata muka nufi Samaru.

A hanya wani malaminsu da ya biyo mu ya tuna wa yaran cewa gidan uwa za su. Jami'ar Ahmadu Bello an buɗe ta a 1962, kuma tamu a da Kwalejin Abdullahi Bayero ce a ƙarƙashinta, sai a 1977 ta zama jami'a mai cin gashin kanta. Ya ce to a yi ladabi, amma a ci. Da muka sauka kuwa tsokanar Kanawa da Zagezagi ta fara tun a bakin masallaci. Suna ce mana 'yan kasuwa sun zo birnin ilimi, mu muna ce musu ko da me ka zo an fi ka. Suka kai mu aka ci shinkafa da wake, ba su bari mun biya ko sisi ba.

Ana idar da La'asar alƙalin wasa ya hura usur. Na waiga ina neman taron da na yi wa shiri. Na ƙirga 'yan kallonsu, ba su kai arba'in ba, mafi yawa abokan 'yan wasan ne, wasu ma da littafi a cinya. Mu sha takwas da jarkarmu mun fi su amo nesa ba kusa ba. Na cire rigar sanyin, na tsaya da jesina a fili, babu wanda ya harare ni. Wajen minti na ashirin lamba taranmu ya yanke ɗan bayansu ya zura ta ƙasa, muka yi ta tsalle, wani Bazazzagi da ke gefena ya miƙo mini hannu ya ce wallahi ta yi kyau.

Amma tun kafin wannan cin kunnena yake ɗauko wata hayaniya daga bayan itatuwa. Za a yi shiru, sai ka ji ihu ya tashi gaba ɗaya kamar an ɓare buhu, sai tafi, sai kuma shiru. Bai fi minti ɗaya ba sai a sake. A ƙwallon ƙafa ihu irin wannan sau biyu ko uku kake jinsa a wasa guda. Da aka tafi hutun rabin lokaci na ce bari in nemo wa Auta ruwa, na bi sautin.

Filin ƙwallon kwando ne na siminti, an kewaye shi ba masaka tsinke. Maza da mata, wasu a zaune a ƙasa har bakin layi, wasu sun hau benci, wasu a kan babura. Na tambayi wani ko gasa ce, ya ce a'a, wasan yamma ne kawai tsakanin 'yan ɗakunan kwana biyu. Biyar da biyar ne a ciki. Ƙarar ƙwallon a siminti, dum, dum, dum, tana shiga har ƙirji, takalma suna ƙiiƙ idan an ja birki. Wani dogo ya tashi sama ya danna ƙwallon cikin zobe da hannu biyu, ƙarfen ya yi ta rawa, wurin ya kaure. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne 'yan kallon sun san wasan ciki da bai. Wani ya yi taku ɗaya fiye da ƙa'ida, kafin alƙali ya kai usur baki mutum hamsin sun riga sun juya hannuwa suna nuna laifin.

A gefe, inda simintin ya ƙare, akwai wani yaro da bai wuce shekara sha biyu ba, da silifas, yana buga wani tsohon ƙwallo da ya suɗe da hannun hagu. Wani dattijo mai furfura, dogo har ya ɗan ranƙwafa, yana zaune a kan kujerar roba yana kallonsa shi kaɗai, ya bar babban wasan. "Ɗago kanka," yake ce masa. "Kar ka kalle ta, ta san hanyar hannunka. Kalle ni. Yatsu nawa na ɗaga?" Yaron ya ce uku, ƙwallon ta kuɓuce ta gangara. Ya bi ta a guje ya dawo ya ci gaba. Dattijon ya ɗaga biyu.

Na gaishe shi, na ce Baba, ni baƙo ne daga Kano, me ya sa nan ya fi can cika? Ya yi murmushi ya ce ai nan Samaru ce. Ya ba ni labarin Oliver B. Johnson, wanda kowa ke kira Koci OBJ, Ba'amurken da ya zauna Zariya shekaru masu yawa yana koya wa ɗalibai da yaran gari wannan wasa. Ya ce a garin nan Masai Ujiri ya tashi, a nan ya fara jefa ƙwallo a kwando yana yaro, kuma shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da suka ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019. Sunan Ujiri na sani, amma ban taɓa haɗa shi da Zariya a raina ba, garin da nake wucewa duk lokacin da za ni Kaduna. Dattijon ya nuna yaron da haɓa ya ce, "Da haka kowa ya fara. Mutum ɗaya ne yake zuwa kullum da yamma, yara su san za su same shi."

Ihu daga can filinmu ne ya dawo da ni hayyacina. Na ruga da ledar ruwa a hannu, na tarar sun farke, ɗaya da ɗaya, Auta yana ciro ƙwallo daga raga. Abin ya sosa mini rai, don saboda shi na zo. Na zagaya na tsaya daidai bayan ragarsa, na ce, "Auta, ga ni nan." Bai waigo ba, ya ɗaga safar hannunsa kawai.

Saura 'yan mintuna a tashi ɗan bayanmu ya taɗe ɗan gabansu a cikin da'ira, alƙali ya nuna fenariti. Daga inda nake ina ganin gumi yana bin ƙeyar Auta duk da sanyin hunturu. Ya buga dugadugansa a kan layi, ya buɗe hannuwa, ya ƙi motsi. Mai bugun ya ja baya taku biyar, ya kalli dama, ya sako ta hagu a ƙasa. Auta ya miƙe gaba ɗayansa, ƙura ta tashi, na ji ƙarar ƙwallon a tafin hannunsa kafin in gan ta ta fita kwana. Ban san lokacin da na riƙe ragar ina jijjigawa ba. Canjaras aka tashi. A wasan waje wannan ba abin rainawa ba ne.

Kafin Magariba na ja shi, da ƙurarsa da komai, na kai shi wurin dattijon. Ya sa Auta ya cire safa, ya ɗora tafinsa a kan nasa, ya dube shi daga sama har ƙasa. Ya ce, "Gola ne kai? Hakeem Olajuwon ma gola ne a Legas kafin ya taɓa ƙwallon kwando, kuma ƙafar da ya koya a raga ita ya je ya ci kofi da ita a Houston, 1994 da 1995." Ya karɓi tsohon ƙwallon daga hannun yaron ya miƙa masa. Zoben yana sama da ƙasa mita 3.05, kuma sai ka tsaya a ƙarƙashinsa kake sanin tsawon nan. Auta ya jefa sau uku tana dukan allo tana dawowa. Yaron mai silifas ya zo ya gyara masa gwiwar hannu ya matso da ita jikinsa. Ta huɗu ta shiga ko ƙarfen ba ta taɓa ba.

A ɗakin wani abokina muka kwana a Samaru, amma barci ya daɗe bai zo mini ba. Kano ma fa muna da ƙungiyar ƙwallon kwando ta Pillars, wadda ta sha ɗaukar kofin ƙasar nan, kuma zauren wasanninta yana nan Ƙofar Mata, jikin filin da nake zuwa tun ina wuyan Baba. Na wuce ƙofar nan sau ɗari ban taɓa leƙawa ba. Lokacin da D'Tigers, 'yan ƙwallon kwandon Najeriya maza, suka ci kofin Afirka a Tunisiya a 2015, da lokacin da suka doke Amurka 90 da 87 a wasan gwaji a 2021, a waya na gani na wuce. Matanmu D'Tigress sun kai zagayen 'yan takwas a gasar Olamfik ta Faris a 2024, ban ji an yi zancen a majalisarmu ko sau ɗaya ba, alhali muna iya kwana muna musu a kan wasan Ingila. Ƙwallon ƙafa duwatsu huɗu take bukata da lungu, shi ya sa ta game ko'ina a Kano. Ta kwando tana son siminti da zobe, kuma tana son wanda zai zauna a kujerar roba yana ɗaga wa yaro yatsu. Dogayen yara kuwa muna da su a Fagge da Gwale da Kurna, suna tura baro ko suna zaman banza da yamma.

Laraba da ta biyo na bar yaran shago da wuri, na hau adaidaita sahu zuwa Ƙofar Mata. Auta ya riga ni isa, yana tsaye a bakin zauren da takalman ƙwallonsa rataye a wuya, don daga nan atisaye zai wuce. Tun daga waje muke jin dum, dum ɗin. Mai gadi ya tambaye mu wurin wa muka zo, na ce kallo muka zo, Baba. Ya matsa ya ba mu hanya, ya ce mu bi ta gefe kada mu taka musu fili da takalmin waje.