Ɗantata: kowa ya san sunan, amma wa ya san Tata?

Ranar da aka sanar da rasuwar Alhaji Aminu Ɗantata, 28 ga Yunin 2025, ina zaune a tsakar gida wajen Goggo, rediyo a kunne kamar kullum, don ita labarin waya bai cika shigarta ba sai ta ji daga bakin rediyo tukunna. Aka yi ta maimaitawa, ya rasu a Abu Dhabi yana da shekara 94, kuma a Madina za a binne shi. Goggo ta yi salati, ta yi masa addu'a mai tsawo. Can sai ɗan yayata da ke gefe yana cin tuwon ɗumame ya ɗago kai ya ce, Kawu wai shi Ɗantata sunan gari ne ko sarauta ce? Na ce masa ko ɗaya, sunan wata mata ne. Yaron ya yi dariya ya ɗauka tsokanarsa nake. To wallahi tun ranar abin yake min yawo a kai, don na lura ba yara kaɗai ba, manya da yawa da suka tashi suna jin sunan nan safe da yamma ba su taɓa tsayawa sun raba shi biyu ba. Ɗan. Tata.

Bari dai in fara daga baya kaɗan. Mu Hausawa asali ba mu da abin nan da fom ɗin banki da na fasfo suke nema, wai sunan iyali guda ɗaya da kaka da uba da jika da tattaɓa kunne duk za su riƙa ja. Namu sunan yanka ne, sai na mahaifi, shi ke nan, in jika ya zo sai sunan kakan ya faɗi na uban ya hau. In ana son bambanta mutum da takwarorinsa sai a liƙa masa garinsu ko unguwarsu ko sana'arsa ko wata inkiya. Shi ya sa da boko ya zo ana rubuta yara a rajistar makaranta sai ka ga sunayen garuruwa sun cika ko'ina, Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Abubakar Gumi, Sa'adu Zungur. Duk wanda ya fito daga Gumi zai iya amsa Gumi ko da kuwa babu abin da ya haɗa shi da Malam ko ta wajen makwabtaka. Kenan irin waɗannan sunaye ba sa nuna jini, suna nuna inda aka yanke wa mutum cibiya ne kawai.

Ɗantata daban yake. Ba gari ba ne balle kowa ya ɗauka, ba sarauta ba ce balle ta koma wani gida in mai ita ya rasu, ba sana'a ba ce irin Maigoro ko Maiturare da za ka samu a kowace kasuwa. Inkiyar mutum ɗaya ce tak, Alhassan ɗan Abdullahi, mahaifin Alhaji Aminu, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, sai 'ya'yansa suka riƙe, jikoki suka riƙe, har ta zama ɗaya daga cikin 'yan sunayen da suka zama na zuri'a na gaske a ƙasar Hausa. Kaga kuwa suna ne mai amo sosai amma masu shi na jini 'yan kaɗan ne, gida ɗaya ne.

Mutanen gidan Agalawa ne, wato fataken nan da suka yi suna wajen safarar goro tare da Tokarawa da Kambarin Barebari. Masana tarihin fatauci suna danganta asalin Agalawa da Buzaye na wajen Azbin, waɗanda suka gangaro kudu suka zauna a ƙasar Katsina sannan suka bazu garuruwan Kano, suka zama Hausawa sak, harshe da komai. Kakan Alhassan, Baba Talatin, shi ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina zuwa Madobi, ɗansa Abdullahi kuma ya koma Bebeji da zama, garin da ke kan hanyar ayari. Su ne masu tafiyar Gwanja, a arewacin Ghana ta yanzu, a ɗauki baƙin saƙi da turkuɗi da fata da kanwa a jakuna a yi wata da watanni a hanya, a dawo da goro. Mahaifiyarsa ma, wadda aka fi sani da Amarya, 'yar kasuwa ce mai abin hannunta, ba matar da ke zaune tana jiran a kawo ba.

Abdullahi ya rasu Alhassan yana ƙaramin yaro, bai kai shekara goma ba. Mahaifiyar ta tafi Ankara, ba ta Turkiyya ba fa, Accra ta Ghana, haka fatakenmu suke kiranta tun da. Yaran kuma aka bar su a Bebeji a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan, sunanta Tata. Ita ta ci gaba da riƙonsu, ita ce ci ita ce sha, ita ce mai tashinsu makarantar allo da asuba. Mutanen gari kuwa ka san yadda suke, yaro da wanda aka saba ganinsa da shi ake kiransa, wane ne wancan, ai ɗan Tata ne. Shi ke nan suna ya bi shi. Ba ita ta haife shi ba, ba su haɗa jini ba, hasali ma a tsarin wancan zamanin ita dukiyar gidan ubansa ce, cikin abin da ake lissafawa in an zo rabon gado. Amma da ita duniya ta san shi.

Kuma a labarin da ake bayarwa na yarintarsa ita ce ta ɗora shi a kan tattali, yana 'yan saye da sayarwarsa na yara yana jefa abin da ya samu a asusu. Ni wannan wajen ne yake taɓa ni, don duk wanda aka riƙa ya san irin tsohuwar nan, wadda za ta ƙulle kwabo a bakin zani ta hana kanta don kai, ta yi maka faɗa in ka kashe naka a alewa. Mutumin da daga baya aka ce babu mai kuɗinsa a Afirka ta Yamma, darasinsa na farko a kan kuɗi daga bakin matar da ko kanta ba ta mallaka ba ya fito.

Akwai abin da na lura da shi kuma gaskiya ba ya min daɗi. Sau da yawa in ana ba da labarin nan sai ka ji an ce "wata tsohuwa" ko "wata mai reno", a tsallake kalmar baiwa kamar an taka garwashi. Na san dalili, muna jin nauyin maganar bauta, har gobe akwai gidajen da ake fasa aure saboda an tono wai kakan kakan wane bawa ne. Amma ɓoyewar ba ta ƙara wa Tata daraja, rage mata take yi. An yi bauta a ƙasar nan, an sayar da mutane a kasuwa, Turawa sun ci Kano a 1903 amma sai 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a dokar Arewa. Shi kansa Alhassan ya ɗanɗana, don lokacin Yaƙin Basasar Kano da ya ɓarke a 1893 a kan sarautar Kano tsakanin Tukurawa da Yusufawa, wato magoya bayan Tukur da na Yusufu, an kama shi da 'yan uwansa, sai da aka biya fansa suka kuɓuta. In an faɗi cewa baiwa ce, sannan ne mutum zai gane girman abin da ya faru, cewa yaron ya girma, ya yi kuɗin da zai iya sa a kira shi duk abin da ya ga dama, ɗan Abdullahi ko na Bebeji ko wani laƙabin attajirai, amma ya bar sunanta a jikin nasa har ya sa wa kamfaninsa.

Labarin arzikinsa kam an sha faɗa, ba zan ja shi ba. Ya bi ayari zuwa Gwanja yana saurayi har ya kai wajen mahaifiyarsa, ya shiga harkar goro, yana cikin na farko-farkon da suka gane cewa a ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Ghana zuwa Ikko ya fi a yi ta jan jakuna a daji. Da jirgin ƙasa ya fara aiki a Kano a 1912 kasuwar gyaɗa ta buɗe, shi kuma yana da abin da Turawan kamfani ba su da shi, wato yara da dillalai a ƙauyuka da amanar manoma, sai ya zama babban mai saya wa kamfanin Turawa na Niger Company, daga baya United Africa Company (UAC). Dalar gyaɗar nan da muke gani a tsofaffin hotuna ba a raba ta da sunansa. A 1929 da bankin Turawa na Afirka ta Yamma, wanda ya zama First Bank yanzu, ya buɗe reshe a Kano, raƙuma 20 aka yi wa lodin kuɗin azurfa aka kai masa ajiya. Ya rasu ranar 17 ga Agustan 1955, aka binne shi a gidansa a unguwar Sarari.

To yanzu su wa ke amsa sunan, kuma a ina suke? Cibiyar dai Kano ce, cikin birni, Sarari da Koki, nan ne tushen gidajen, sai kuma waɗanda harka ta kai Legas da Abuja da ƙasashen waje. Alhassan ya bar 'ya'ya 17, Alhaji Aminu da aka haifa a 1931 shi ne na 15. Cikin manyan akwai Ahmadu wanda ya riƙe kamfanin bayan rasuwar mahaifinsu har shi ma ya rasu a 1960 ragama ta koma hannun Aminu, akwai Sanusi wanda ya rasu a 1997, mutumin Ƙadiriyya na kusa da Malam Nasiru Kabara, akwai Mamuda da ya yi suna a jigilar alhazai. Daga waɗannan ne rassa suka fita, kuma in ka duba yadda jikokin suke rubuta sunansu za ka ga sun haɗa tsarin biyu, na gargajiya da na zamani, sunan yanka, sunan uba, sannan Ɗantata a ƙarshe, kamar Abdulƙadir Sanusi Ɗantata na kamfanin gine-ginen Dantata & Sawoe. Na tsakiyar yana gaya maka ɗakin da mutum ya fito, na ƙarshen yana gaya maka gidan.

Amma duk wanda ya ce zai ƙirga zuri'ar ta hanyar ƙirga masu sunan zai yi kuskure ta fuska biyu. Na farko 'ya'yan mata ba sa ɗauka. Misalin da ya fi kowanne fitowa fili shi ne Aliko Ɗangote, an haife shi a 1957, mahaifiyarsa Hajiya Mariya 'yar Sanusi Ɗantata ce, da mahaifinsa ya rasu yana yaro ma a hannun kakansa Sanusi ya tashi, jinin gidan ne gaba da baya amma ba za ka ga Ɗantata a sunansa ba. Irinsa suna da yawa, an aurar da 'ya'ya mata gidajen malamai da na sarauta da na 'yan kasuwa shekara da shekaru, 'ya'yansu duk suna amsa wasu sunayen. Na biyu kuma akwai masu amsa sunan da ba su da alaƙa da gidan ko kaɗan. Mu da inkiya ai sai a hankali, yaro in sunansa Alhassan ko Aminu sai abokai su laƙaba masa, ko wanda aka ga yana da son kasuwanci tun yana ƙarami, sai ka gan shi a Facebook ya rubuta ta a matsayin sunansa. A gidanmu ma in ka cika roƙon abu mai tsada abin da za a ce maka shi ne, kai ubanka Ɗantata ne? Sunan ya riga ya zama ma'aunin arziki a bakin mutane tun kafin a haife mu. A Abuja har gada ake kira da shi, gadar Dantata a hanyar filin jirgi, direbobi da kwandastoci na kiran sunan sau ɗari a rana, yawancinsu ko Hausa ba sa ji.

Wani abu kuma, rubutun Turanci ya cinye ƙugiyar Ɗ ɗin, ya kuma manne kalmomin biyu wuri ɗaya, Dantata, shi ya sa ido ba ya ganin Tata a ciki. Na tabbata da a ce har yanzu Ɗan Tata ake rubutawa a rabe, da ɗan yayata bai yi min waccan tambayar ba, da tambayarsa ita ce wace ce Tata.

Abin da ya sa na damu da labarin nan har na zauna rubuta shi, ni ma ɗan riƙo ne. Ina shekara huɗu mahaifiyata ta rasu, Allah ya jiƙanta, Goggo ta ɗauke ni, ita ba ta taɓa haihuwa ba. Ita ta sayar da akuyarta ta biya min kuɗin jarrabawa, ita ta kwana a zaune a asibiti da na yi ƙyanda. A unguwarmu har na yi gemu "na Goggo" ake ce min, amma a takarduna kaf, daga satifiket ɗin firamare har katin ɗan ƙasa, babu inda sunanta ya fito, babu ma gurbin da za a rubuta shi. Mata nawa ne irinta a ƙasar nan, goggonni da innoni da kishiyoyin uwa da kakanni da makwabta, da suka tashi 'ya'yan da ba su haifa ba, yaran suka zama mutane da sunan ubanninsu.

Da daddare bayan an watse na zauna na ba Goggo labarin tun daga Bebeji har raƙuman azurfa, na ce mata Goggo kin ga wanda za a binne a Baƙi'a ɗin nan, sunan baiwar da ta riƙi babansa ne za a kira a kansa a Madina. Ta yi shiru tana jan carbi, ta daɗe, sannan ta ce Allah ya jiƙan Tata, Allah ya sa ta huta. Can kuma ta ce ɗan nan in za ka fita da safe ka taho min da goro, fari, wanda ka kawo jiya duk ya bushe.