Kowa na nuna maƙwabcinsa da yatsa

Makon jiya na je ta'aziyya Maraɗi, na bi ta Jibiya. A Magama, bakin iyakar Nijeriya da Nijar, mun kusa awa biyu a layi ana duba takardu, rana na dukanmu. Can gefe kuwa, a gonar gero, babura sai wucewa suke ɗaya bayan ɗaya, kowanne da mutum uku da jarkoki. Ba wanda ya ce musu uffan. Direbanmu ya ce, "Alhaji, mai takarda ne ke shan wahala a nan."

Mu a gida kullum zancen ɗaya ne, wai Nijar ta saki iyakarta, makamai da baƙin haure ta can suke shigowa. Da na zauna a wajen zaman makoki sai na ji kishiyar maganar. Wani dattijo ya ce min tun 2019 suke karɓar 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, kuma ɓarayin daji daga wajenmu suke tsallakowa su kore musu shanu. "To ɗana, wa ya saki tasa iyakar?" Wallahi na rasa bakin magana.

Iyakar nan ta kai kusan kilomita 1,500. An rufe ta a Agustan 2019, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, babura dai ba su fasa ba, kuɗin hawa ne kawai ya ƙaru.

Da muke dawowa ta Ɗan Isa, a ɓangaren Nijar, wata tsohuwa ta sauka da ƙullin kayanta ta nufi cikin gona. Na tambaya, aka ce gidan 'yarta za ta je, yana ɓangaren Nijeriya.