TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 17: IHUN BABA

Masu bibiya ku yi haƙuri da jinkirin wannan satin. Wancan karon na tsaya a inda muka kai Baba, mai fama da ciwon mantuwa, gidan kula da tsofaffi, to yau maganar ihun nan zan yi, don wallahi har yanzu in na tuna abin da Yaya Babba ya faɗa min a waya sai raina ya ɓaci, wai "ai dole ya yi ihu, kun kai shi inda ba ya so." Gwaggo, Allah Ya jiƙanta, kullum cewa take mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baba tun yana wajena ya fara wannan ihun, kuma Yaya bai taɓa kwana ya ji da kunnensa ba.

Ga yadda abin yake. Da safe lafiya lau, zai kalle ka ya yi murmushi ko da bai gane ka ba, amma da rana ta fara yin sanyi sai ya soma, "Inna! Inna! Ku zo! Ku zo mana!" haka zai ta yi ba tsayawa har muryarsa ta dushe, wani lokacin kuma ba magana ba ce, nishi ne mai ƙarfi da ake ji har ƙarshen baranda. Innar da yake kira mahaifiyarsa ce, ni ban ma taso na gan ta ba. 'Ya'yan tsohuwar da ke ɗakin kusa da shi sun kai ƙara wajen shugabar gidan, kuma ban ga laifinsu ba, tasu uwar ma ba ta samun barci.

Mutumin nan fa duk tasowarmu ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. In ka yi laifi kallo ɗaya zai maka ka shiga taitayinka, Mama ce mai faɗa. Shi ya sa abin ya fi min ciwo.

Likitan da ke duba tsofaffin gidan ya zaunar da ni ya min bayani, yace ciwon mantuwa iri-iri ne, Alzheimer ce ta fi yawa, Hukumar Lafiya ta Duniya tace ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, kuma sama da mutum miliyan 55 ke fama da ciwon a duniya. Na Baba ya haɗu da lalacewar ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa saboda hawan jinin da ya daɗe da shi. Yace rikicewar yamma sananniya ce a wajen masu wannan ciwo, gajiya ta taru, haske ya ragu, inuwa ta fara yi musu kama da mutane. Na tura wa Yaya duk wannan, ko amsa bai ba ni ba.

Amma wadda ta buɗe min ido wata nas ce babba a cikinsu. Tace min, "'Yar'uwa, wanda kalmomi suka gudu daga bakinsa ba zai ce miki haƙorina na ciwo ba, ihu zai yi, mu aikinmu mu nemo me yake faɗa." Suka fara rubuta lokacin da yake farawa da abin da ya faru kafin nan, ya ci abinci ko bai ci ba, ya sha ruwa, yaushe rabonsa da bayan gida, kunzugunsa a jiƙe yake ko a bushe. Aka gwada fitsarinsa sai ga ciwon mafitsara, aka ba shi magani. Daga baya aka gano wani turmin haƙori da ya ruɓe, Allah kaɗai Ya san tun yaushe yake cinsa. Likita ya sa a riƙa ba shi farasitamol a kan lokaci ba sai ya nuna alamar ciwo ba, yace an yi bincike a gidajen tsofaffi na ƙasar Norway a 2011 aka ga maganin ciwo kaɗai yana rage musu tashin hankali. Kuma ya ragu, ba ƙarya.

A lokacin ne Yaya ya sake bugowa, wai me zai hana a ba shi maganin da zai kwantar da shi kowa ya huta. Kowa wa? Shi da ko sau ɗaya ihun bai hana shi barci ba. Likitan yace magungunan kwantarwa irin su risperidone suna ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ga tsofaffi masu wannan ciwo, tun 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan irinsu, ba a bayarwa sai an rasa yadda za a yi, shi ma kaɗan kuma na ɗan lokaci. Na faɗa wa Yaya maganar Gwaggo ta mai ɗaki, ya kashe wayarsa.

Na tuna ma, bayan rasuwar Baba, Yaya ne ya fi kowa ba mutane labarin wahalar jinya. To wannan mu ajiye shi, za mu zo wajen.

Auta ce ta taɓa ce masa "Baba ai Inna ta daɗe da rasuwa," ya fashe da kuka kamar a ranar aka yi mutuwar, bayan ɗan lokaci ya manta ya ci gaba da kiranta. Daga nan na hana kowa. Ni in ya kira sai in zauna ta gabansa inda zai ga fuskata, in riƙe hannunsa ince, "Baba ga ni, me za ka faɗa wa Inna?" wani lokacin sai ya yi ta labarin da ba kai ba gindi har ya lafa. Muna kunna fitila tun kafin duhu ya shigo, a kashe talabijin, a duba batirin na'urar kunnensa don in ta mutu ihun ya fi ƙarfi, ba ya jin kansa. In ni ya kira da Inna kuwa amsawa nake, na'am.

Kar ku ɗauka ya daina. Akwai ranakun da duk abin nan ba ya aiki, ba ciwo ba yunwa ba komai, ihu kawai, in zauna har kaina ya fara sarawa, nas ɗin ta leƙo tace in tafi gida su za su karɓe ni, kuma tafiya nake, ban taɓa jin kunyar hakan ba duk da maganganun dangi.

Sati mai zuwa insha Allah zan ba ku labarin ranar da Yaya ya zo da matarsa, da abin da Baba ya faɗa mata a gaban ma'aikata.