Daidaita agogon gudu a tsofaffin motocin Amurka

A tsofaffin motocin Amurka, irin su Chevrolet na shekarun 1960 da 1970, agogon gudu ba ya auna saurin mota kai tsaye, juyin wata waya da ta taso daga wutsiyar akwatin giya yake ƙirgawa. An tsara yawancinsu a kan cewa wayar za ta juya kusan sau 1,000 a kowane mil, wato sau 1,000 a minti ɗaya idan mota tana gudun mil 60 a awa. Ƙananan giyoyi biyu ne ke tabbatar da hakan, ɗaya a jikin sandar da ke fita daga akwatin giya, ɗaya kuma ta roba wadda wayar ke shiga cikinta.

Matsala tana tasowa ne idan aka canza aksil na baya. Mu ɗauki motar da ke da akwatin giya samfurin TH350, da giya mai haƙora 8 a ciki, da taya mai tsayin inci 26, wadda ke juyawa kusan sau 776 a mil. Idan rabon aksil, wato yawan juyin sandar akwatin giya a kowane juyi ɗaya na taya, 3.08 ne, sai a ninka 8 da 3.08 da 776, a raba da 1,000, a sami 19, wato haƙoran da giyar roba take buƙata. Da zarar an sa aksil mai 3.73, lissafin ya koma 23, kuma wanda ya bar tsohuwar giyar zai ga allura tana nuna kusan 73 alhali yana tafiya a kan 60, lambobin nisan tafiya ma suna ta hauhawa.

Shi ya sa ban yarda da sayen giyar roba ta hanyar duba launinta ko sunan motar kawai ba. Launi yana nuna yawan haƙora ne a cikin jeri ɗaya, kuma motar da ta shekara hamsin ta ratsa hannaye da yawa, mai yiwuwa aksil ɗin da ke ƙarƙashinta ba nata na asali ba ne. Gara a buɗe murfin aksil ɗin a ƙirga haƙoran giyoyin da ke cikinsa: haƙora 41 a babbar giya da 11 a ƙarama su ne 3.73, yayin da 40 da 13 ke ba da 3.08. Tayar ma a auna ta da awo, domin tayoyin yanzu sukan bambanta da na da a tsayi.

Giyar roba tana da sauƙin canzawa, ƙusa ɗaya ake kwancewa a zaro ta, kuma kowane haƙori yana gyara kusan kashi 5 cikin ɗari. Ta ciki kuwa sai an cire wutsiyar akwatin. Idan lissafi ya wuce haƙoran da ake samu, akan ɗaura wani ɗan akwatin daidaitawa tsakanin wayar da akwatin giya, sannan a gwada sakamakon da GPS na wayar salula a kan miƙaƙƙen titi.