Darussa daga nazarin ƙasar aljanu a labaran zane na Marvel

Abu na farko da nazarin Otherworld, wato ƙasar aljanu a labaran zane na kamfanin Marvel, ke koya wa ɗalibi shi ne kada ya ɗauke ta gadon al'umma guda. Haɗin gambiza ce. Akwai Avalon, tsibirin da marubuci Geoffrey na Monmouth ya ambata wajen 1136 cewa can aka kai Sarki Arthur jinyar raunukansa. Akwai Annwn ta mutanen Wales, inda Arawn ke sarauta, sannan Tír na nÓg ta Ayalan, ƙasar da ba a tsufa. Harsuna daban, zamani daban, amma marubutan suka ɗebo daga kowacce suka zuba a tukunya ɗaya.

Hanyar da ta fi aiki ita ce a ja layi uku a takarda ga kowane suna: inda ya fara bayyana, aikinsa a can, da aikin da aka ba shi a zane. A gwada da Fomoriyawa. A almarar Ayalan abokan gābar Tuatha Dé Danann ne, wato ƙabilar alloli, amma akwai auratayya tsakaninsu. Lugh na Tuatha Dé Danann, da ya kashe Balor shugaban Fomoriyawa, jikan Balor ɗin ne. A zane galibi dodanni ne kawai da za a jibga, zumuncin nan da ke sa yaƙin ya yi ɗaci ya ɓace.

Inda abin ya fi lalacewa, a ganina, shi ne lokaci. A almarar Ayalan, jarumi Oisín ya zauna Tír na nÓg, da ya dawo sai ya tarar shekara 300 ta shuɗe, ƙafarsa na taɓa ƙasa ya zama tsoho tukuf. Shiga can yana da farashi. Mujallar da ke fitowa wata-wata kuwa ba ta iya biyan wannan farashi, don dole jarumi ya dawo lafiya lau kafin fitowa ta gaba. Sai ƙasar ta koma tasha. An ma sa wa duniyoyi lamba, kuma a labaran jarumi Captain Britain ne sunan Earth-616, lambar babbar duniyar Marvel, ya fara fitowa a 1983.

Akwai inda suka kama jijiyar tatsuniya daidai. A 1976 matsafi Merlyn da 'yarsa Roma sun ajiye wa Brian Braddock, wanda ya zama Captain Britain, laya da takobi, suka ce ya zaɓi ɗaya. Ya ɗauki layar. Jarrabawar hali a bakin ƙofa, kafin a ba mutum ƙarfi, tsohuwar ƙa'idar irin waɗannan labarai ce, kuma nan ba su karya ta ba.